Ranar da Na Daina Durƙusa wa Surukina

Ni dai ban taɓa ɗaga wa surukina murya ba, balle hannu. Duk wanda ya ce na yi, ya zo ya faɗa a gabana, ina nan Tudun Wada ban tashi ba. Abin da na yi guda ɗaya ne: na cire hannunsa daga maƙogwarona don in yi numfashi. A kan wannan aka tara mini dangi aka kira ni marar tarbiyya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Baba muke ce masa. Magini ne na ginin ƙasa, gidaje da yawa a layinmu shi ya ɗora su tun kafin siminti ya zo ya raba shi da sana'ar. Tsufa ya cinye masa jiki amma bai taɓa hannuwan nan ba; in ya riƙe kofi sai ka nemi kofin ka rasa. Mutumin kirki ne, wallahi. Tun da aka kawo ni gidan "'yata" yake ce mini, in kuma ya dawo daga masallaci da rake ko gyaɗa, sai ya ajiye a bakin ƙofata ya yi gyaran murya ya wuce. Da Inna, matarsa, ta rasu, abincinsa ya dawo hannuna, ban kuwa taɓa jin nauyin hakan ba.

Sai rikicin tsufa ya same shi. Da farko mantuwa ce. Ya tambayi Inna, a ce masa ta rasu, ya yi kuka, an jima ya sake tambaya. Daga baya ya fara zargin ana sace masa diga da shebur, kayan da aka rabar tun yarana ba su yi wayo ba. Likita ya duba shi ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai kulawa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ci. Maigidana, ɗansa na cikinsa, in ya kai masa abinci sai Baba ya datse baki ya kau da kai. Yaya, wato babbar 'yarsa da ke aure a Gyallesu, ta gwada, ya watsa mata miya a hijabi. Daga hannuna kaɗai yake karɓa. In ban ba shi ba, to ranar da yunwa zai kwana, magana ta ƙare.

Kowa ya san yadda mace take shiga wurin surukinta. Ki cire takalmi a ƙofa, ki yi sallama, ki durƙusa gwiwa biyu, ki sunkuyar da kai, ido a kan tabarma. Haka aka koya mini a gidanmu, haka kuma nake yi ba tare da an tuna mini ba. Lokacin da yake ci da kansa babu matsala, in ajiye in ja da baya in fita. Amma da ta kai sai an ba shi a baki, sai ya zamana yana zaune a bakin gado, ni ina durƙushe dab da gwiwoyinsa, ina miƙa cokali sama ba na kallon fuskarsa. Babu wanda ya lura cewa a wannan zaman wuyana ne abin da ya fi kusa da hannunsa. Ni kaina ban lura ba.

Wata safiya na kai masa koko da ƙosai. Ya sha 'yan cokula lafiya lau. Ban ga komai ba tunda ƙasa nake kallo, sai kawai na ji hannu biyu sun rufe mini maƙogwaro, yana cewa, "Ɓarawo! Ina digata?" Na so in ce, "Baba, ni ce," babu hanyar magana. Na kama yatsunsa ina ja, ko motsi ba su yi ba. Idanuna suka fara ganin duhu-duhu, kunnuwana suna ƙara. Kofin kokon ne ya cece ni. Gwiwata ta ture shi, ya zube masa a ƙafa da zafinsa, ya sake ni yana yarfe ƙafar. Na rarrafa waje ina tari kamar zan amayar da hanjina. Da na leƙo an jima, yana zaune yana kallon kokon da ya zube, ya ce, "'Yata, yau ba za a ba ni karin kumallo ba ne?"

Maigidana ya dawo daga shagonsa na Kwangila ya ga shatin yatsu a wuyana, ya yi salati ya zauna ya dafe kai. Yaya ta zo da la'asar, ta ɗaga haɓata ta duba kamar mai zaɓen tumatir, ta ce, "Sannu. Ki yi haƙuri, lada kike samu. Ki dinga rufe wurin da mayafi, kada maƙwabta su ɗauka wani abu ne." Ji min magana! To mene ne in ba wani abu ba? Ta ajiye turaren hayaƙi da ruwan rubutu, ta hau adaidaita sahu ta koma Gyallesu abinta. Gobe da safe wa zai shiga da koko? Ni ce dai.

Kwanakin da suka biyo baya ni dai na ci gaba da ba shi abinci. Ina tsoronsa, ina kuma tausayinsa, ga shi ba ni da wanda zan ce wa karɓi yau.

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga malamar wasanni ce a wata makarantar 'yan mata. Ta yi judo tun tana jami'a, kokawar nan ta fararen kaya, matan layi har tsokanarta suke yi wai mace da 'ya'yanta tana kokawa. Mun haɗu a wurin markaɗe na gaishe ta, ta ji muryata ta dushe, ta kuma ga na naɗe mayafi har haɓa da zafin nan na bazara. Da muka fito ta tsayar da ni a ƙofar gidanta.

Ta ce, "Maman yara, wa ya shaƙe ki?"

Na ce, "Mura ce."

Ta ce, "Mura mai yatsu? Shigo mu gani."

Na shiga, na ba ta labari ina kuka. Ta ja katifa ta shimfiɗa a tsakar ɗaki, ta zauna a bakin gadonta ta ce in nuna mata yadda aka yi. Na durƙusa a gabanta na sunkuyar da kai. Ta dube ni ta ce, "Haka kike ba shi abincin kullum? Ke, ai ko ragon layya ba ya miƙa wuya haka."

Ta fara da cewa jan yatsu ɓata lokaci ne, wuyan hannu ɗaya kawai nake bukata. Da na ji hannu a wuyana, in danne haɓa ƙasa in ɗage kafaɗu, don in samu 'yar hanyar iska. Sai in tsallako da hannun damana ta saman hannuwansa, in kama hannunsa na dama ta gefen ƙaramin yatsa, babban yatsana a kan bayan hannun. Hannun haguna ya zo ya tallafa, in manne hannun nasa a ƙirjina kada ya kuɓuce. Sannan in juya dama, ba da ƙarfin hannu ba, da jikina gaba ɗaya, har ƙaramin yatsansa ya kalli sama. In wuyan hannu ya karkace haka, gwiwar hannu da kafaɗa dole su bi, mutum komai ƙarfinsa sai ya saki ya sunkuya. Ta ce, "Da ya saki, ke ma ki saki. Ba karya shi za ki yi ba, kuɓuta za ki yi."

Matar nan ba ta wasa. In ta shaƙe ni shaƙar gaske take yi, wai in ta yi mini da lallashi ta cuce ni. Kullum ta dawo daga makaranta sai in leƙa, mu yi ta yi har hannuna ya san hanya ba sai na yi tunani ba. A tsaye na iya sosai, har na taɓa sa ta ta ce wash. Amma da na durƙusa gwiwa biyu, sai komai ya lalace. Gwiwoyi sun kafe ni a ƙasa, zani ya ɗaure ni, in yi ta kiciniya ba na juyuwa.

Ta ce, "Kin gani ko? Dabarar a ƙugu take da ƙafa, wanda ya durƙusa gwiwa biyu kuwa ba shi da ko ɗaya. Ki samu kujera ki zauna daidai da shi, ta gefe, ki dinga kallon fuskarsa. Kafin hannu ya taso, fuska za ta gaya miki."

Na ce, "Malama, surukina ne fa."

Ta ce, "Na sani. Wuyan kuma naki ne."

Washegari na shiga da kujerar roba. Kai, na ji kunya ranar, kamar na shiga kasuwa ba ɗankwali. Duk shekarun da na yi a gidan, ranar na fara ganin fuskar Baba sosai, har na ga ashe yana da tabo a girarsa ta hagu. Malama kuwa gaskiya ta faɗa. In abin zai motsa masa, sai goshinsa ya tattare ya fara leƙen ƙarƙashin gado. Da na ga haka sai in ja kujerata baya in ce, "Baba, wai gidan mai unguwa na da kai ka gina shi?" Sai ya saki fuska ya hau ba ni labarin yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, ina tura masa cokali yana karɓa. Makonni suka wuce bai kai mini hannu ba. Ya ci, ya ɗan yi kumari, ni ma na samu barci.

Sai Yaya ta faɗo wata rana ba sanarwa. Ta ɗaga labule ta yi turus. "Innalillahi! A kujera? Kina kallon tsabar idon ubanmu kamar sa'anki?" Na yi mata bayani tiryan-tiryan, ko saurare ba ta yi ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka zaunar da ni a gaban Baffa, ƙanin Baba, wanda shi ne babba a dangi yanzu. Ya yi doguwar nasiha a kan girmama na gaba, ya ce ciwo ba ya sauke wa mutum darajarsa, ya ce su a gidansu ba a taɓa yin suruka mai zama a kujera ba. Na buɗe mayafi na nuna masa wuyana, don shatin bai gama ɓacewa ba. Ya kau da kai ya ce in rufe, ba kyau.

Haba jama'a! Mutum ya ƙi kallon wuyana saboda kunya, amma bai ji kunyar ce mini in sake miƙa shi ba. Maigidana yana zaune yana wasa da hularsa. Da muka koma ɗaki ya ce, "Ki dai dinga durƙusawa in da mutane, in ba kowa ki yi yadda kika ga dama." Na dube shi na ce, "Wato in da masu kallo Baba ba zai shaƙe ni ba ke nan?" Ya ɗauki hularsa ya fice.

Ranar ƙaramar Sallah dangi suka zo gaisuwa da hantsi. Ɗakin Baba ya cika: Baffa, maigidana, ƙannensa maza, Yaya, kowa da sabon ɗinki, kowa yana ɗaga murya yana tambayarsa ko ya gane shi. Tun daga ƙofa na ga goshinsa ya tattare. Ina riƙe da tuwon shinkafa da miyar taushe, na kai hannu zan jawo kujera, Yaya ta zare mini ido, Baffa ya yi gyaran murya. Na durƙusa. Amma gwiwa ɗaya na sa a ƙasa, ɗayar ƙafar na dasa ta a ƙarƙashin zani inda ba mai gani.

Ko cokali na biyu ban kai ba ya cafke ni.

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne abin da mazan nan suka yi. Ƙarti cike da ɗaki, kowa yana "Baba! Baba! Subhanallahi!" Baffa ya hau karanta Ayatul Kursiyyu yana tofawa daga inda yake zaune. Maigidana ya kama gefen rigar Baba yana cewa, "Baba, don Allah a sake ta, a yi haƙuri." Roƙonsa yake yi! Babu wanda ya iya kama hannun mahaifinsa ya fizge, wai kada ya yi masa rashin ladabi. Da su na jira, da da la'asar sun raka ni makwanci cikin ladabi.

Na danne haɓa, na tsallako da hannu, na kama, na manne a ƙirji, na taka ƙafar nan na juya. Hannun da ya gagare ni ranar koko sai ga shi ya buɗe. Baba ya sunkuya gaba ya ce, "Wayyo hannuna!" Na saki nan take na ja baya ina jan numfashi. Sannan kowa ya taso a guje, kan Baba. Ko ruwa ba wanda ya miƙo mini.

Wuyan hannun ya ɗan kumbura. Aka kira maɗori ya duba ya ce targaɗe ne, babu karaya, ya shafa magani ya ɗaure. Amma kafin magariba labari ya kai Gyallesu cewa na karya wa surukina hannu a gaban 'ya'yansa da kokawar da na koyo a maƙwabta. Baffa ya yanke hukunci in je gidanmu in huta har zukata su yi sanyi. In huta! Maigidana ya kai ni gidanmu da ke Hanwa a kan babur. Mahaifiyata ta ga sabon shati a kan tsoho, ta ce ko sun zo da limamin unguwarsu ba inda zan koma.

Ina cike da fushi, amma kowace safiya in na ga ana dama koko sai in tuna akwai wanda ba zai sha ba. In kira maigidana in ce, "Baba yana ci?" Ya ce, "Ana dai fama." Kullum amsar ke nan, ana fama. Na san me take nufi, kuma ta hana ni sakewa.

Bayan 'yan makonni ya zo biko shi kaɗai, ya rame, ya durƙusa a gaban mahaifiyata ya ce Baba ya kusa daina cin komai. Ta yi ta faɗa, na bar ta ta gama, na ɗauki mayafina. Ba don Baffa na koma ba, ba don Yaya ba, ba ma don shi mai bikon ba.

Da muka isa ban shiga ɗakina ba, kai tsaye na wuce wurin Baba. Na yi sallama na ɗaga labule. Yana zaune a bakin gado, ya zama ƙashi da fata. Hannuwansa biyu an ja su gefe da gefe an ɗaure a jikin ƙarfen gadon da rawaninsa, farin rawanin da yake naɗawa ranar Idi, an raba shi biyu. Yaya kuwa tana gabansa durƙushe gwiwa biyu, kai a sunkuye, ido a kan tabarma, tana miƙa cokali sama da cikakken ladabi, shi ya datse baki yana kallon bango. Ashe bayan tafiyata sau ɗaya ya kamo mata hijabi ta wuya, shi ke nan aka kira Baffa, aka yi shawara, aka samo wannan dabarar. Da farko lokacin cin abinci kawai ake ɗaure shi. Daga baya aka ga kwancewa da ɗaurewa wahala ne.

Ranar kam na ɗaga murya, har Malama ta ji ta bayan katanga. Na ce, "Yaya, ke ce mai tarbiyyar? Ni na riƙe hannunsa na ƙiftawar ido don in tsira da raina, kun kore ni. Ku kun ɗaure shi kamar akuya a turke kuna durƙusa masa! Wannan ne girmamawar? Ku ji tsoron Allah mana!"

Ta ce, "Kada ki kwance, wallahi zai shaƙe ki."

Na ce, "In ya shaƙe ni na san abin da zan yi. Matsa."

Ƙullin ya ƙi kwantuwa don ya ja shi ya ja har ya ɗame, sai da na sa almakashina na ɗinki. Da rawanin ya faɗi na ga abin da ke ƙarƙashi. Fatar ta saɓule zagaye da wuyan hannu biyun, wani wurin ya yi ruwa. Na wanke da ruwan ɗumi da gishiri, ina yi ina kuka don baƙin ciki. Sannan na zauna daidai da shi na karɓi kwanon daga hannun Yaya. Ya daɗe yana kallona. Ban sani ba ko ya gane ni, bai ce 'yata ba. Amma ya buɗe baki.

Daga ranar ba wanda ya sake yi mini maganar durƙuso, ba kuma wanda ya ce mini an yi kuskure. Baba ya sake kai mini hannu bayan nan, na cire shi a hankali, ko wash bai ce ba. Sai dai jikin bai dawo ba. Yunwar makonnin nan ta riga ta ci shi, gyambon hannun kuma muka yi ta magani yana rufewa yana buɗewa, fatar tsoho ba ta da saurin haɗewa. Kafin babbar Sallah Allah ya yi masa rasuwa, da hantsi, ina zaune a gefensa.

Maigidana yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da suka gama ya shigo ɗakina ya tsaya a bakin ƙofa, hannun rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu. Ya ce, "Na duba inda kika murɗa, ban ga komai ba." Ya ƙara da cewa, "Shatin ɗaurin yana nan, hannu biyu."

Da wannan shatin aka sa Baba a likkafani.